Malejin mota ko wayar hannu: Wanne ke faɗin gaskiyar gudun da direba ke yi?

Musu ne da ya fara zama ruwan dare a gidan gaba na motocin haya. Mota ta wuce Kwanar Dangora ta miƙi hanyar Zariya, fasinja ya buɗe manhajar Google Maps a wayarsa don ya ga saura awa nawa a shiga Kaduna, sai idonsa ya faɗa kan wata 'yar lamba a gefen taswirar da ke cewa motar na gudun kilomita 94 a sa'a. Ya leƙa gaban direba, ya ga allurar maleji ta tsaya cak a kan 100.

Daga nan zance ke tashi. Direba zai kafe cewa motarsa ba ta ƙarya, tunda daga kamfani aka saito ta. Fasinja kuma zai ce ai abin da tauraron ɗan'adam ya auna daga sama ba ya kuskure. Galibi haka ake sauka a tasha, kowa na riƙe da nasa.

Ba a Najeriya aka fara wannan gardama ba. Direbobi a Turai da Amurka da Ostareliya sun daɗe suna yin ta, tun lokacin da na'urorin nuna hanya masu aiki da tauraron ɗan'adam suka fara shiga motoci. Abin da ya kawo ta hannun kowa shi ne wayar salula: a 2019 kamfanin Google ya sanya ma'aunin gudu a manhajar taswirarsa ta wayoyin Android, sannan a 2024 ya kai shi ga masu iPhone.

Idan hanya miƙaƙƙiya ce, sama a buɗe take, kuma motar na tafiya da gudu ɗaya babu ƙari babu ragi, wayar ce ta fi kusa da gaskiya. Malejin yawancin motoci yana ƙara gishiri, kuma da gangan aka yi shi haka. Sai dai wannan ƙarin ba ya cutar da kowa. Motar da ya kamata mai ita ya damu ita ce wadda ƙarin ya ɓace mata, ko ma ya juye, allura na nuna 100 alhali motar ta haura haka. Irin waɗannan motoci kuwa ba su da wuyar samu a titunanmu.

Maleji ba ya ganin titi

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, malejin mota bai taɓa auna gudun mota a kan titi ba. Abin da yake yi shi ne ƙirga sau nawa taya ta juya, sannan ya yi lissafi.

Dabarar tsohuwa ce. A watan Oktoban 1902 wani injiniya Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi rajistar irin malejin da motoci suka yi amfani da shi kusan tsawon ƙarni guda. Wata waya mai murɗawa ce ke tasowa daga giyabos zuwa bayan dashbod, tana juya ɗan maganaɗisu a cikin wani ƙaramin kofin alminiyom. Yayin da maganaɗisun ke juyawa, sai ya riƙa jan kofin, kofin kuma ya ja allura, wani siririn sifirin na riƙe da ita ta baya. Gudu ya ƙaru, jan ya ƙaru, allura ta hau. Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar Fijo 504 ya san yadda allurar ke rawa idan wayar ta bushe, da yadda take kwanciya a sifili ranar da ta tsinke.

Motocin yanzu sun bar wayar. A madadinta akwai sensa a giyabos ko a jikin ƙafafun mota, galibi waɗanda birkin ABS ke aiki da su, suna aika wa ƙwaƙwalwar motar yawan juyin da taya ke yi. Amma tushen lissafin bai sauya ba. Kamfani ya riga ya faɗa wa ƙwaƙwalwar cewa duk juyi ɗaya na taya daidai yake da tafiyar tsawo kaza, ita kuma ta yarda da haka har abada.

A ɗauki taya mai lamba 195/65 R15, wadda ake yawan gani a ƙananan motoci irin su Corolla. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 634 ne, kewayenta kuma ya kusa mita biyu. Ke nan kafin ta cinye kilomita ɗaya sai ta juya sau 500 da 'yan kai. Matsalar ita ce taya ba ta zama yadda aka sayo ta. Sabuwar taya na zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. A Turai doka ta ce idan ya sauka ƙasa da milimita 1.6 a cire ta. Tsakanin sabunta da wannan matsayi, tsayin tayar ya ragu da kusan milimita 13, wato kashi 2 cikin 100. Tayar da ta suɗe dole ta ƙara yawan juyi kafin ta ci tazarar da take ci a da, don haka maleji zai riƙa nuna gudun da ya ɗara na gaskiya. Ƙarancin iska da nauyin lodi su ma suna ɗan taɓa lissafin. Hatta tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban-daban ba lallai ne tsayinsu ya zo daidai ba.

Ƙarin da doka ta amince da shi

Tunda babu yadda za a yi maleji ya yi daidai a kowane hali, sai masu tsara doka suka zaɓi ɓangaren da suka fi son kuskuren ya karkata.

Akwai wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1958 kan ƙa'idojin ƙera motoci, wadda ƙasashen Turai da Japan da wasu da dama ke ciki, Najeriya ma ta shiga a 2018. Ƙa'ida ta 39 a ƙarƙashinta ita ce ta maleji, kuma abu biyu ta ce. Na farko, ba a yarda maleji ya nuna ƙasa da gudun da mota ke yi ba, ko da da ɗigo ne. Na biyu, an yarda ya nuna sama da gaskiya, amma kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 na ainihin gudun, da ƙarin kilomita 4. Ana gwada sabon samfurin mota a gudun 40 da 80 da 120 kafin a amince da shi.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, motar da ke gudun kilomita 100 na haƙiƙa, malejinta zai iya nuna komai daga 100 zuwa 114 kuma ya ci jarrabawa. Idan ya nuna 99 ya faɗi. Mai kamfanin da ke ƙera dubban ɗaruruwan motoci, waɗanda za a sa wa tayoyi iri-iri, ba zai saita allurarsa a bakin gaɓa ba. Zai matsa ciki kaɗan don ya tsira. Shi ya sa motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, irin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, suka saba nuna ƙarin 'yan kilomitoci a gudun babbar hanya. Ostareliya a da ta bar maleji ya yi kuskuren kashi 10 ta kowane ɓangare, amma daga tsakiyar 2006 ita ma ta koma kan wannan ƙa'ida ga sababbin samfuran motoci.

Amurka daban take. Gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta da irin wannan doka a kan ƙananan motocin gida. Wadda take da ita ta manyan motocin kasuwanci ce, kuma ta yarda da kuskuren mil 5 sama ko ƙasa a gudun mil 50. Don haka motar da aka shigo da ita daga Amurka ba ta zo da alƙawarin cewa allurarta ba za ta taɓa nuna ƙasa da gaskiya ba, kodayake su ma kamfanonin can sun fi son kuskurensu ya karkata sama. Amurkawan sun taɓa gwada wata dabarar ta daban: daga 1979 suka hana a rubuta lambar da ta wuce mil 85 a fuskar maleji, da tunanin idan direba bai ga babbar lamba ba, ba zai yi sha'awar ƙure ta ba. Ba a jima ba aka soke dokar.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, a motoci da dama ƙwaƙwalwar motar ta san lambar da ta fi kusa da gaskiya, allura ce kawai ake ƙara wa. Makanikan da ke jona kwamfutar binciken mota a ƙarƙashin sitiyari kan ga haka: kwamfutar na karanta gudu ɗaya, dashbod na nuna wanda ya ɗan fi shi. Kuma maleji mai nuna lambobi a gilashi bai fi mai allura gaskiya ba. Daga rijiya ɗaya suke shan ruwa.

Yadda waya ke sanin gudu

Ita waya ba ruwanta da taya. Tana sauraren saƙonnin da taurarin ɗan'adam ke watsowa ne.

Tsarin GPS na Amurka ne, sojojinta suka ƙirƙire shi kuma su ke kula da shi har yau. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala zama cikakken tsari a 1995. Taurarin kusan 30 ne ke aiki, a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne na zagaya duniya sau biyu a rana. Da farko sojojin sun riƙa gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, har sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina a watan Mayun 2000. Yanzu kuma ba GPS kaɗai ke sama ba. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Chana na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin zamani na sauraren fiye da ɗaya a lokaci guda. Waya na buƙatar jin aƙalla taurari huɗu kafin ta san inda take. Wannan sauraro ba ya cin data. Taswirar ce ke buƙatar intanet kafin ta sauko, amma auna gudu na iya aiki a dajin da babu sabis ko ɗigo.

A nan ne masu goyon bayan maleji ke kawo hujjar da ke da alamar ƙarfi. Sukan ce wayar da ke kuskuren inda mutum yake tsaye da mita biyar ko fiye, har ta nuna shi a gidan maƙwabci, ta yaya za a yarda da ita a kan gudu?

Amsar ita ce, na'urar ba ta dogara da bambancin wuri kaɗai wajen gano gudu. Tana amfani da wani abu da masanin kimiyyar nan ɗan Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842, wanda kowa ya taɓa ji da kunnensa ko da bai san sunansa ba. Idan motar asibiti ta nufo mutum da jiniya, sautin kan yi kaifi. Da zarar ta gifta shi sai sautin ya yi kauri. Jiniyar ba ta sauya ba, tafiyar motar ce ke matse sautin idan tana tahowa, ta kuma miƙar da shi idan tana tafiya. Haka saƙon tauraro yake. Na'urar ta san ainihin zangon da tauraron ke watsa saƙonsa, ta kuma san inda ya nufa da irin gudun da yake yi. Duk ɗan sauyin da ya rage bayan ta cire wannan, tafiyar mai riƙe da wayar ce ta haddasa shi. Idan ta haɗa na taurari da yawa, sai gudun ya fito. A yanayi mai kyau, kuskuren wannan awo bai kai rabin kilomita a sa'a ba.

Na'urar da jami'an hanya ke nuna wa mota daga bakin titi don auna gudunta, wadda ke aiki da rada, ita ma da wannan dabara ta Doppler take aiki. Wato idan za a yi shari'a tsakanin maleji da waya, abin da ke hannun jami'in ya fi kusa da ɓangaren wayar.

Inda wayar ke tuntuɓe

Duk da haka waya na da nata rauni. Yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta lissafinsu, manhajar kuma takan daidaita lambar don kada ta riƙa tsalle. Sakamakon haka, idan direba ya taka totur ko ya danna birki, wayar na biyo baya ne da labarin abin da ya riga ya wuce. Maleji kuwa nan take yake amsawa. A cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa, wannan jinkiri ya isa ya sa lambar wayar ta zama ba ta da amfani.

Sai kuma duk abin da ya shiga tsakanin waya da sama. A ƙarƙashin gadar sama ko cikin gadar ƙasa irin ta Kabuga a Kano, saƙon kan yanke. A tsakanin dogayen gine-gine kamar na tsakiyar Abuja, yakan daki bango ya dawo, wayar ta ji shi sau biyu ta rikice. Manyan bishiyoyi da duwatsu ma na rage shi. Wayar da aka jefa a ƙasan kujera ba za ta ji abin da wadda ke kusa da gilashin gaba ke ji ba.

Akwai masu cewa a hawa ko gangara, kamar Hawan Kibo a hanyar Jos, GPS ba ya aiki saboda yana auna tafiya ne kamar a shimfiɗe. Da gaskiya a maganar, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ko a hanyar da ke hawa mita 10 a cikin kowace mita 100, wanda hawa ne mai tsanani, bambancin rabin kashi ɗaya cikin 100 ne kacal.

Shi kansa kamfanin Google ya rubuta a bayanin manhajar cewa lambar gudun da take nunawa don ƙarin sani ce kawai, direba ya tabbatar da gudunsa a malejin motarsa.

Taya da mil: Inda lissafin ke juyewa

Duk ƙa'idojin da aka ambata a sama na sabuwar mota ne, da tayar da kamfani ya sa mata. Mafi yawan motocin da ke yawo a Najeriya kuwa sun yi rayuwa a wata ƙasa kafin su zo, sannan sun ratsa hannun masu faci da 'yan taya da dama.

Sanannen abu ne mai mota ya sa tayar da ta fi ta asali tsayi, don cikin motar ya ɗaga daga ramuka da tudun rage gudu, ko kuma don ita ce ya samu da araha a cikin na gwanjo. Babu wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar an yi wannan sauyi. A koma ga misalin 195/65 R15. Idan aka maye ta da 205/65 R15, tsayi ya ƙaru da kashi 2 cikin 100. Idan 215/60 R16 aka sa tare da sabon rim, ƙarin ya kusa kashi 5. Idan kuwa 215/70 R15 ce, ya kai kashi 7 da rabi.

A ce motar tun asali idan allura na kan 100, ainihin gudunta 96 ne. Da tayar farko gudun zai koma kusan 98. Da ta biyu zai zama 100 da ɗoriya, wato ƙarin da kamfani ya ajiye ya ƙare. Da ta uku motar na gudun 103 alhali allura na rantsuwa 100 ne. Direban da ya ji ana cewa ai duk maleji ƙari yake yi, ya kuma ɗora wa kansa biyar ko goma a kan haka, yana iya kasancewa a 113 yana zaton yana kan 100. Wannan sauyi na shafar har lambar da ke ƙirga tafiyar mota, domin doguwar taya na sa ta ƙirga ƙasa da abin da aka yi, kuma da ita ake lissafin lokacin juyen baƙin mai da yawan man da mota ke sha.

Na biyu ya fi wannan muni, kuma ba laifin na'ura ba ne. Motocin da aka shigo da su daga Amurka manyan lambobin malejinsu na mil ne, na kilomita kuma su ne ƙananan da ke zagaye ta ciki, waɗanda da ƙyar ake ganinsu da dare. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Allura a kan 60 na nufin kusan kilomita 97. A kan 80 na nufin kusan 129. Wanda ya kai ta 100 yana gudun kilomita 161 ne. Allunan hanya da dokokin Najeriya duk da kilomita suke magana. Wanda ya saba da 'yar Beljiyam ya koma 'yar Amurka, idan bai lura da harufan MPH da ke fuskar malejin ba, zai iya ajiye allura a 80 yana ganin ai lallaɓawa yake yi. A nan idan waya ta nuna 128, bai kamata a zarge ta ba.

Akwai kuma rukuni na uku, motocin da allurarsu ta mutu tuntuni. Duk mai shiga motocin haya ya san su. Direba na auna gudu da ƙarar inji da kaɗawar iska, abin da kan yaudari ko da gwani, musamman bayan doguwar tafiya a sabuwar kwalta, inda 120 ke zama kamar 80 a jiki.

Batun taya ya shafi har na'urar taƙaita gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sanyawa daga 1 ga Fabrairun 2017. Irin waɗanda ke ɗaukar bayaninsu daga sensar gudun mota sun gaji duk kuskuren da ke cikinta. Idan aka saita na'urar da gajeriyar taya sannan aka sa doguwa, iyakar da aka ɗaure motar a kai ta matsa sama ba tare da kowa ya taɓa na'urar ba.

Me kilomita biyar ke saye?

Ƙa'idar hanya a Najeriya ta kayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas 90 ne iyakarsu a tagwayen hanya, tanka da tirela kuma 60. A Legas, gwamnatin jihar ta kafa kyamarorin kama masu gudu a wasu tituna a 2025, da tarar Naira 50,000. A ƙasashen da suka daɗe da irin waɗannan kyamarori akan rage wani abu daga abin da na'ura ta auna kafin a yanke tara. Faransa, alal misali, na cire kilomita 5 idan gudun bai kai 100 ba, ko kashi 5 cikin 100 idan ya wuce, a kyamarorin da ke kafe. Rangwame ne saboda kuskuren da na'urarsu za ta iya yi.

Jarabar da ke tattare da sanin cewa maleji na ƙari ita ce mutum ya ce bari ya karɓi haƙƙinsa. To nawa ne haƙƙin? Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Wanda ya yi tafiyar duka a gudun 95 na gaskiya zai ci awa biyu da minti 25. Wanda ya yi ta a 100 zai ci awa biyu da minti 18. Minti bakwai ke nan, kuma shingen bincike ɗaya ko cunkoson kasuwar bakin hanya ya isa ya haɗiye su.

Ta ɗaya ɓangaren, tazarar da birki ke buƙata ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. A ce motoci biyu iri ɗaya na tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a 100 ɗaya a 105, suka taka birki a wuri ɗaya saboda tirelar da ta lalace a gaba. A daidai inda ta farko za ta tsaya cak, ta biyun na sauran gudun kilomita 32. Idan a 110 take, da gudun kusan 46 za ta isa wurin. Wannan ma ba a sa tazarar da mota ke ci kafin ƙafar direba ta kai birki ba, alhali a gudun 100 mota na cin kusan mita 28 a duk daƙiƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ta kuma ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mummunan hatsari da kashi 4. A Najeriya, alƙaluman FRSC sun nuna sama da mutum 5,000 sun rasu a hanya a 2023, haka ma a 2024, kuma hukumar ta sha nanata cewa gudun wuce ƙima ne kan gaba a musabbabai.

Gwajin minti goma

Amfanin da waya za ta yi wa mai mota shi ne ta nuna masa halin malejinsa, kuma gwajin ba shi da wuya. Ana neman miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a ba wani fasinja wayar ya riƙe kusa da gilashin gaba, domin duba waya a kan sitiyari laifi ne kuma ya fi kuskuren maleji haɗari. Direba ya ajiye allura a kan 60 ya riƙe ta a nan na kusan daƙiƙa 15 ba tare da ƙari ko ragi ba, fasinja ya rubuta abin da waya ta nuna. A maimaita a 80, sannan a 100 inda doka ta yarda. Idan da waya biyu aka yi, ya fi.

Wanda ba shi da irin wannan waya na iya amfani da agogo, a inda alamun kilomita na bakin hanya ke nan ba a tumɓuke su ba. A gudun 60 na gaskiya kilomita ɗaya minti ɗaya ne cif. A 80 daƙiƙa 45 ne, a 100 kuma 36. A raba 3,600 da yawan daƙiƙun da aka ci, abin da ya fito shi ne gudun.

Idan allura ta ɗara waya da uku zuwa bakwai a gudun 100, motar na yin abin da aka ƙera ta ta yi. Idan ƙarin ya haura 14, ya wuce abin da ƙa'idar ta yarda da shi, kuma akwai yiwuwar tayoyin sun yi ƙanƙanta ko an sauya giyabos ko dashbod da na wata motar. Idan kuwa wayar ce ke gaban allura, sai a buɗe ƙofar direba a duba 'yar takardar da kamfani ke mannawa a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda ke ɗauke da lambar tayar asali da yawan iskar da take buƙata, a gwada ta da lambar da ke rubuce a gefen tayar da ke ƙafar motar. Ana sake gwajin duk lokacin da aka sauya taya.